Ƙaramar Matsala Ba Ajina Ba Ce

Kowane mai gyara da irin cutarsa. Wani lalaci ke cinsa, wani alƙawarin ƙarya, wani kuma ya cire maka sabon kaya ya mayar da tsoho. Ni alhamdu lillahi ban da ko ɗaya a cikin waɗannan. Tawa ta fi su ban kunya, don ko riba ba ta kawowa: ba na son matsala ta zama ƙarama. Idan aka ajiye mini na'urar da ta ƙi hawa intanet, can ƙasan raina fata nake abin ya zama babba, mai dogon suna, irin wanda in na gama yi wa mai kayan bayani zai riƙe haɓa ya ce, "Lallai Injiniya, karatu bai faɗi ƙasa banza ba." Ni ne majinyacin nan da ke fitowa daga ɗakin likita rai a ɓace don an ce masa zazzaɓin cizon sauro ne kawai, alhali shi ya taho da shirin jin cutar da sai an fita da shi waje.

Sana'ata haɗa ƙananan na'urorin da ke aika rahoto ta layin waya. Akwai tiraka ta masu A Daidaita Sahu, wadda ke tona wa direba asiri in ya ce yana Bata alhali yana hanyar Wudil. Akwai mai faɗin yawan ruwan da ya rage a tankin burtsatse mai sola, da wadda ke kiran mai gidan kaji in wuta ta ɗauke wa injin ƙyanƙyasa. A cikin kowacce akwai modem, wato wayar hannu da aka raba da fuska da madannai da lasifika, aka bar mata ramin sim da wurin eriya kawai. Irinta ce a cikin POS ɗin da kake cirar kuɗi a bakin titi. Wadda muka fi saye ita ce SIM800L ta kamfanin SIMCom na Shanghai, 'yar mitsitsiya, faɗinta bai wuce santimita biyu da rabi ba, ga araha. 2G kaɗai ta sani. A Singafo tun 2017 aka kashe 2G, a can ta zama kayan tarihi, a nan kuwa har gobe tana cin kasuwarta. In aikin na manya ne sai mu hau EC25 ta kamfanin Quectel, mai 4G.

Abin da ya hana ni samun uzuri shi ne modem ba ta ɓoye ciwonta. Tambayarta kawai za ka yi. Yaren da ake yi mata magana da shi ma ya girmi yawancin masu amfani da shi, don Dennis Hayes da abokin aikinsa Dale Heatherington ne suka fito da shi a Amurka a 1981, shekara ashirin kafin GSM ta shigo Najeriya a 2001. Ka haɗa ta da kwamfuta ka rubuta AT, ta ce OK, to tana raye kuma tana jin ka. Ka rubuta AT+CPIN? in ta ce READY, ta ga sim. AT+CSQ zai ba ka ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31. Ƙasa da 10 abin sai a hankali, 99 kuwa ko ƙanshinsa ba ta ji ba. AT+CREG? shi ke faɗin yadda suka kwashe da kamfanin layi: 1 an karɓe ta, 2 tana kan nema, 3 an kore ta, 5 baƙunta take a layin wani kamfanin. Sai APN, sunan ƙofar da kamfani ya ware wa masu shiga intanet, sannan a duba ko an ba ta adireshin IP. A jere suke, ɗaya na bin ɗaya, kuma inda amsa ta fara karkacewa nan ciwon yake. Kafin shayi ya huce an gama.

Wannan jerin na san shi kamar yunwar cikina. Ni na koya wa yaron shagona shi, har da buga tebur, ina cewa duk wanda ya tsallake mataki ɗaya ba mai gyara ba ne, mai duba ne. Amma da zarar na'ura ta zo hannuna sai in ji tambayoyin nan sun yi mini ƙanƙanta. Ni da girmana in zauna ina tambayar modem ko ta ga sim? Sai in yi tsalle in dira a ƙarshen jerin, ko ma bayansa, can inda manyan bayanai ke zaune.

Bari in ba da misalin da har yau yaron nan ke murmushi in aka ambaci tanki. Wani Alhaji mai gidan gona ya ba mu aikin na'urar auna ruwa. Muka haɗa, muka kunna, 'yar fitilar modem ta kama ƙyaftawa kusan kowace daƙiƙa, alamar tana neman sabis. In ta samu, ƙyaftawar takan koma sau ɗaya a daƙiƙa uku, wannan kowane ɗan koyo ya sani. Tamu kuwa sai ta yi ta ƙyaftawa, ta ɗauke ɗif, ta sake farawa daga farko. Duk wanda ya taɓa riƙe SIM800L ya san inda ake fara dubawa. Tana son wuta tsakanin bolt 3.4 da 4.4. A zaune ba ta cin komai, amma duk sa'ad da za ta yi magana da ƙarfen sabis takan fizgi wuta har amfiya 2 a lokaci guda. Fizgar ba ta daɗewa, ba ta fi rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da kaɗan ba, sai dai tana maimaituwa sama da sau ɗari biyu a daƙiƙa ɗaya. In wayar wutar siririya ce ko doguwa, a daidai lokacin fizgar sai wuta ta faɗi ƙasa, modem ta suma, ta farfaɗo, ta sake gwadawa. Mitar hannu ba ta da saurin da za ta ga wannan faɗuwar. Bolt 4 za ta nuna maka lafiya lau, ka yi ta rantsuwa da ita.

To ni ma na ɗora mita sau ɗaya, ta ce 4, na wanke wuta daga zargi har abada. Daga nan na shiga fagen da nake so. Na fara da cewa kayan jabu aka turo. Da hakan bai ƙosar da ni ba na ce an toshe lambar IMEI ɗinta. Na koma na ce kamfanin layi ne ya fara rage 2G a unguwarmu a asirce, har na ba maƙwabcina mai ɗinki wannan labarin da muryar wanda ya ji daga sama. Ƙarshe na yanke hukunci cewa manhajar cikinta ce ta lalace, sai an yi mata filashin. Ana cikin haka modem ɗin da kanta ta rubuto a fuskar kwamfuta, da manyan baƙaƙe, UNDER-VOLTAGE, wato wuta ta gaza mata. Na karanta, na gyaɗa kai, na ce wa yaron, "Ka gani ko? Har sambatu ta fara. Manhajar ta gama yawo."

Ya daɗe yana kallon siraran wayoyin nan masu launi da na jona da hannuna, sannan ya ce a hankali, "Oga, wayar wutar nan ba ta yi siriri ba kuwa?"

Na ce, "Kai, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Wannan ba maganar waya ba ce."

Ya ce, "To, Oga."

Aka kwana aka wuni ana abu ɗaya. Ranar da na tafi sallar Azahar na ɗan tsaya gaisuwar rasuwa, sai ya cire wayoyina, ya liƙa gajeru masu kauri da dalma, ya ɗora kafasita mai lamba 1000 daf da ƙafar modem. Ina shigowa na ga fitila na ƙyaftawa a natse, ɗaya a daƙiƙa uku. Na ga sababbin wayoyin sarai, ƙanshin dalma ma bai gama fita daga shagon ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhamdu lillahi, filashin ɗin nan sai yanzu ya zauna." Yaron ya ce, "Haka ne, Oga," ya ci gaba da share tebur. Tarbiyyar gidansu ce ta cece ni ran nan.

In ban samu manhaja na ɗora wa laifi ba, akwai wanda kullum yake nan a shirye: kamfanin layi. A ƙasar nan "babu sabis" magana ce da ba a neman shaida a kanta. Mai POS ya faɗa, ma'aikacin banki ya faɗa, wanda ake bi bashi ya faɗa, kowa ya haƙura. Ni sai na ɗauki wannan uzurin na gama-gari na sa masa rigar ilimi. Na taɓa kiran kastoma kiya a kan wata tiraka da ta yi shiru, na tsare wata baiwar Allah da lacca a kan cunkoson ƙarfen sabis da yadda injiniyoyinsu suka kasa raba zango. Ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Yallaɓai, don Allah ka duba ko akwai data a layin?" Na ce mata da wa take tsammanin tana magana. Ta ba ni haƙuri, ta sake roƙona in duba. Na duba. Ta wata ɗaya na saya, wata kuma ya cika ya wuce. Ban ce mata komai ba, na kashe wayar a hankali, da fatan za ta ɗauka sabis ne ya yanke.

Su layukan tiraka dama marayu ne. Ana cusa su a ƙarƙashin kujera a manta. Da hukumar sadarwa ta NCC ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN a watan Disamba na 2020, aka zo aka fara rufe waɗanda ba a haɗa ba a Afrilun 2022, kowa ya ruga ya gyara layin da ke aljihunsa. Wanda ke cikin keke ko a kan tanki, wanda galibi da sunan wani tsohon yaron shago aka yi masa rajista, ba mai tunawa da shi sai ya mutu. Gwajin kuma ba wuya: ka zare sim ɗin ka sa a wayarka, ka ga ko zai yi kira, ko zai buɗe intanet. Kuma nan ne gizo ke saƙar. Wannan gwaji ne da mai sayar da kati ma zai iya. Ni kuwa duk gwajin da ba ya bukatar ni, raina ba ya son sa.

Don kada in zalunci kaina, akwai ranar da abin ya taɓa zama babba da gaske, kuma wannan nasarar ce ta ƙarasa lalata ni. Wani matashi ya yi odar EC25 daga waje da kansa, ya kai wa masu gyara nan da can, ta ƙi. Wuta lafiya, sim lafiya, eriya lafiya, amma in ka rubuta AT+COPS=? don ta lissafo kamfanonin da take ji a iska, sai ta dawo hannu rabbana. Na juya ta na karanta jikinta, sai ga harafin A a ƙarshen sunan. EC25 iri-iri ce, kowace da yankin da aka yi ta dominsa. Mai A ta Arewacin Amurka ce, zangunan 4G da take ji su ne 2 da 4 da 12. Mu kuwa a nan mun fi amfani da 3 da 7 da 20, wato megahaz 1800 da 2600 da 800, waɗanda mai harafin E ke ji. Lafiyarta ƙalau, ƙasar ce ba tata ba. Na yi wannan bayanin a gaban mutane, a tsaye, har da zane a bayan kwali. Wani dattijo da ya zo karɓar rediyonsa a shagon kusa ya ce, "Allah Ya ƙara basira." Na kwana ina jin daɗin wannan addu'ar.

Tun daga ranar na ga matsalar zango a ko'ina. Har SIM800L na taɓa yi wa wannan ƙazafin, alhali tana jin 850 da 900 da 1800 da 1900, kuma 900 da 1800 ɗin su ne namu. Da aka bincika, sim ɗin ne na sa a juye. Ramin nata yana karɓar sim ta kowane ɓangare ba tare da gardama ba, kuma yadda hankali ke ba ka ka sa shi, ba haka ake sawa ba, yankakken gefen waje yake kallo. AT+CPIN? kaɗai da ya gaya mini. Tambaya ta biyu ce a jerin.

Akwai kuma dabarar da na ƙware a kai in an kama ni dumu-dumu: in ba zan iya hana matsala zama ƙarama ba, sai in raɗa mata babban suna. Mun taɓa kafa na'ura a wata burtsatse, na sa mai walda ya ƙera mata akwatin ƙarfe mai kauri saboda ruwan sama da masu ɗan hali. A shago sabis ya haura 20. A can, bayan an kulle akwati, shiru. Nan take na gano cewa ƙauyen ya yi nisa da ƙarfen sabis, har na fara lissafa wa Alhaji mai burtsatsen kuɗin doguwar sanda da babbar eriya irin ta kan rufi. Baba maigadi, wanda ke zaune a gefe yana jan carbi, ya ce, "Injiniya, ni dai na lura in ka buɗe murfin nan fitilar takan canza rawa." Eriyar na kulle a cikin ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya barin saƙon rediyo ya ratsa. Maganin ƙaramar huda ce a jikin akwatin a fito da eriya waje. Raina ya ɓaci, har sai da na tuna cewa abin yana da suna a littafi: kejin Faraday, wanda Michael Faraday ya gwada a Ingila a 1836. Nan da nan na warke. Na juya na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, abin da muke fama da shi tun ƙarni na sha tara masana ke magana a kansa." Baba maigadi ya ce, "Ikon Allah," ya ci gaba da jan carbinsa.

Na sha gaya wa kaina cewa kasuwa ce ta mayar da ni haka, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mutanenmu ba sa biyan sani, wahala suke biya. Ka gyara abu cikin minti biyar ka faɗi kuɗinka, sai a ce, "Haba, ɗan wannan taɓawar?" Ka riƙe shi mako guda kana huci, a biya ka har da godiya. Sai dai wannan uzurin ba ya tsayawa da ƙafarsa, don ni ba na ƙara ko sisi a kan kwanakin da na ɓata, hasali ma ni ke sayen modem ta biyu da ta uku daga aljihuna don in tabbatar da zargin da ba shi da tushe. Akwai wata leda a ƙarƙashin teburina cike da modem masu lafiya waɗanda na yanke wa hukuncin kisa ba da haƙƙinsu ba. Gaskiyar ta fi haka ɗaci. Babbar matsala kullum ta wani ce: ta kamfani, ta masu ƙera kaya, ta gwamnati, ta Faraday. Ƙaramar kuwa da zanen yatsana a jikinta. Ni na jona siririyar waya, ni na juya sim, ni na haɗa ƙafar aikawa da ƙafar aikawa, wato TX da TX, maimakon in kai ta ƙafar karɓa ta RX, ni na rubuta APN da harafi ɗaya a karkace. Laifi tudu ne, ni kuwa nawa tudun na mayar da shi wurin tsayawa in hango Shanghai.

Ba wai manyan matsalolin babu su ba ne. Kamfanonin layi kan ba modem adireshi na cikin gida, irin mai farawa da 10, wanda ba za ka iya kiransa daga waje ba, dole na'urar ce za ta riƙa fita tana kai rahoto da kanta. Wani lokaci ka taɓa 8.8.8.8 ya amsa amma sunan shafi ya ƙi buɗewa, saboda mai fassara suna zuwa lamba bai zauna ba. A kan Linux kuma manhajar ModemManager kan riga ka kama ƙofar da kake son yin magana da modem ta ciki, ku yi ta haɗa baki kuna rikita ta. Waɗannan su nake mafarki. Amma a shekara ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma ko sun zo sai an bi ta kan ƙananan tambayoyin nan kafin a iso gare su.

Uwargida ce ta kawo shawarar da muke kai yanzu, bayan ta gaji da jin ina ambaton zango cikin barci. Ta ce tunda yaron ba ya jin kunyar tambayar modem ko ta ci ta ƙoshi, a bar shi ya riƙa fara dubawa, in abin ya fi ƙarfinsa ya miƙo mini. Na amince, har na ji tsarin ya dace da matsayina: shi ƙananan, ni manya. Ya rubuta jerin a kwali ya manna a bango, da wuta a sama, sai eriya, sai sim, sai data, sannan sauran. Ni na koya masa, amma da rubutun hannunsa abin ya fi kama da doka.

Abin da ban lissafa ba shi ne yawan abin da zai rage mini. Na'ura goma za su shigo, da ƙyar ɗaya ta ƙetare teburinsa ta iso nawa. Ina zaune da osiloskop ɗin da na saya da tsada, na goge shi fes, ina jiran cutar da ta isa. Shekaranjiya wani mai keke ya leƙo da tiraka a hannu, na miƙe da fara'a na ce ya kawo in gani, don daga nesa ma na hango alamun matsalar zango. Ya ɗan ja hannunsa baya, ya leƙa bayana, ya ce, "A'a Oga, ba sai an dame ka ba. Yaron naka yana nan?"